Yadda Ake Haɗa Kayan Gasar Koroso Ba Tare da Suruki Ya Ji Ƙarar Akayau Ba

Kai magidancin da ka yi wa surukinka alkawari tun ranar da aka ba ka aure cewa kai da rawa har abada, amma har yau in ka jiyo sarewa daga nesa sai babban yatsan ƙafarka ya motsa a cikin takalmi, matso kusa. Ka bi matakan nan daki-daki, ni na lamunce maka za ka haɗa kayanka, ka je gasa, ka taka, ka dawo da mutuncinka cif, ko kajin gidanku ba za su sani ba. Hanya ce gwadajjiya. Hashimu, wani manomi a ƙauyen Tsanyawa, ya bi ta kakar bara, ga shi nan kuma da ransa.

Mataki na 1: Nemi dalili mai nauyi

Kada ka kuskura ka ce wa zuciyarka rawa kake sha'awa. Babban mutum ba ya sha'awa, sai dai lalura ta tilasta shi.

Hashimu tsohon ɗan Koroso ne, rawar nan da ake ɗaura akayau a ƙafa ana tsalle ana alkafura. Ya ajiye ta lokacin da ya auri Rumaisa, 'yar Malam Zubair mai karantar da magidanta littattafai a zaure. Kwatsam sai ga labari wata ƙungiyar matasa ta shirya gasa a garin Kunci, kyautar farko injin ban ruwa. Tsofaffin abokan rawarsa suka zo suka ce mutum ɗaya suka rasa. Hashimu ya tuna tumatirinsa da ya ƙone a fadama yana jiran aron injin maƙwabci, sai ya ce a saka sunansa.

Ka gani? Ba rawa zai je ba, noman rani zai je nema. Yi ta maimaita haka har ka yarda.

Mataki na 2: Zaɓi wurin gwaji

A ƙasarmu gona jingine take da gona, in ka yi atishawa a taka, na kusa zai yi maka addu'a. Don haka jira dawa ta yi tsawo, ka shige tsakiyarta.

Haka Hashimu ya yi. Matsalar kawai, dawa tana ɓoye mai tsayuwa ne, ba mai tsalle ba. Inna Larai, wata tsohuwa maƙwabciyarsu, ta zo yankan harawa sai ta hango kan mutum yana ɓullowa saman zangarniya yana nutsewa. Ta yar da lauje ta yi gida tana salati. Kafin la'asar an hana yara bin ta wannan hanya.

Wannan nasara ce. Jita-jitar aljanu ta fi katanga tsare wuri.

Mataki na 3: Tono kayan aiki

Buɗe tsohuwar adakar da ka cusa bayan rumbu. Ka fito da akayau, da ɗamara, da izga, da gajeren wando. Abin da ɓera ya ci, ka yafe masa.

Gwada wandon. Ba zai shiga ba. Kada ka zargi tuwon dawa da miyar kuka, yadi ne yake motsewa in ya daɗe a ajiye. Sai ka ƙara da man zafi, da ƙuli-ƙuli, da dabino, sannan wani man zafin kuma.

Mataki na 4: Kashe bakin akayau

Nan ne gwanaye suke faɗuwa. Akayau ba shi da sirri, ko kallonsa ka yi da ƙarfi sai ya amsa. Naɗe shi da tsumma, ka tura can ƙasan jakar bakko, ka zuba wake a kai har ya rufe. Duk wanda ya tambaya, irin wake za ka kai wa wani aboki a Kunci.

Mataki na 5: Kada uwargida ta sani

Ta riga ta sani.

Da safen tafiya Hashimu ya shiga ɗaki ɗaukar jaka, ya tarar da Rumaisa zaune a kan tabarma, wandon a cinyarta, ta farke gefensa tana ƙara masa ƙyalle.

"Baban Tahira," in ji ta, ko ɗago kai ba ta yi ba, "aljanin gonar dawa ne zai sa wannan?"

Hashimu ya ce, "Wallahi don injin ne."

"Na sani. Ni ma na gaji da ganinka kana dawowa daga fadama fuska kamar an yi maka rasuwa." Ta cije zare. "Amma ka ji ni da kyau. In Baba ya ji, ni ban ga komai ba. In kuma za ka ja mana magana a gari, kada ka ja ta da zuwa na ƙarshe."

Ta cire tsumman da ya naɗe akayau da shi, ta ce wannan zanen sallarta ne, ta mayar da su cikin waken haka nan tsirara. Idan haka ta faru da kai, yi godiya ka fita. Mai neman asiri ba ya jayayya a kan tsumma.

Mataki na 6: Shiga mota da natsuwa

Je tasha da wuri, ka zauna can baya, jaka tsakanin ƙafafunka.

Hashimu ya zauna ke nan, ɗan kamasho ya leƙo ya ce, "A matsa wa Malam!" Sai ga Malam Zubair da carbinsa, zai je ta'aziyya Kunci. Hashimu ya nemi durƙusawa a cikin bas, kansa ya bugi kujerar gaba. Aka gaisa. Wurin ƙafa ya yi kaɗan, Malam da kansa ya ɗaga jakar ya ɗora a cinyarsa.

"Allah gafarta Malam, a bar ni in riƙe."

"Bar ta, ai ba nauyi."

Mota ta tashi. Ramin farko, jaka ta ce caras. Na biyu, caras-caras. Hashimu ya soma tari yana daidaita shi da kowane rami, har wata mata ta miƙo masa ruwan leda.

"Me ke ciki, Hashimu?"

"Irin wake ne, Malam."

Malam ya ɗan girgiza jakar, ya kasa kunne. "Ikon Allah. Wake mai amo." Ya ci gaba da jan carbi, bai ƙara cewa uffan ba har Kunci.

Darasi: in babba ya yi shiru, ka ɗauka bai gane ba. Hakan ya fi sauƙi ga hawan jini.

Mataki na 7: Taka

A nan ba ni da abin koya maka. Da aka busa sarewa ganga ta amsa, Hashimu ya manta da gwiwa, ya manta da tumbi, ya manta da suruki. Ya yi alkafurar da rabonsa da ita tun yana saurayi, ƙura ta tashi, mata suka rangaɗa guɗa, ɗinkin Rumaisa ya riƙe. Samari suka ɗaga wayoyi suna ɗauka. Kada wannan ya dame ka, ai waya ba ta zuwa ƙauye.

Suka zo na biyu. Injin ya tafi wani gari, su aka ba su taki su raba.

Mataki na 8: Dawo gida kamar ba kai ba

Wanke fuska, mayar da hula, ka ɗingisa zuwa tasha. Motar Tsanyawa ɗaya ta rage, kuma ka san wanda ke ciki.

Malam ya matsa masa wuri. Sai da suka sauka suka kama hanyar ƙauye, Malam a gaba Hashimu a baya da kason takinsa a ka, sannan Malam ya tsaya.

"Gidan makokin bayan filin gasar yake," in ji shi. "Katangar kuma gajera ce."

Hashimu ya sauke taki ya tsuguna. "Na yi kuskure, Malam."

"Ka yi. Alkawari kaya ne, ka sani." Malam ya dube shi. "Na tambaya, an ce injin ka je nema. Da ka zo ka faɗa mini, da na yi wa ƙanena magana, nasa yana nan a ajiye tun da ya koma birni. Gobe ka je ka ɗauka."

Hashimu ya shiga zuba godiya.

"Jibi kuma ka zo gonata da lauje. Dawata ta isa yanka, na daɗe ina tausayin bayanka ina neman 'yan ƙwadago. Yau na ga bayan da idona. Lafiyarsa ƙalau."

Jan kunne

Ni dai shawara na bayar, ban ɗaura wa kowa akayau ba. Duk wanda gwiwarsa ta kumbura, ko hotonsa ya riga shi isa gida, ko ya wayi gari yana yankan dawar suruki har kakar baɗi, kada ya aiko a kira ni. Hashimu ma ya aiko, na ce a ce masa na tafi kasuwa.