Gangar Uban Nomau

Nomau da tsohuwarsa kaɗai suka rage a gidansu, sai gangar noman ubansa, wanda 'yan bindiga suka kashe ranar da suka ƙone Ƙauran Dinya. Mu da muka tsira muka tare a birni. Can wata Malama Kubura ta tattara abin da wuta ta bari, turmi, babbakakken ƙyaure da gangar, ta jera a wani zaure don jama'a su gani, kowane kaya da sautinsa. Ta ce in mutane sun karɓa, ganga ta zauna, in ba haka ba a kulle ta a sito. Nomau ne mai gadi. Ni na haɗa lasifikoki, don ko da yake a aji biyu na tsaya, waya ba ta taɓa gagara ta ba.

Wata rana Malama ta ce, "Kada kowa ya taɓa komai." Goggo Tabawa ta shigo, ta gane turminta, ta miƙa hannu za ta taɓa. Nomau ya cafke hannun.

"Ɗan nan, turmina ne fa."

"Goggo, an ce kowa."

Ya sungume ta ya dire a waje, tana kuka.

Wata rana Malama ta ce tana so kiɗa ya bi baƙo duk inda ya taka. Na raɗa wa Nomau cewa aikinsa ne. Ya ɗora lasifika a ka, ya bi wani Alhaji daga ƙofa zuwa turmi, zuwa titi, har tasha.

"Kai, lafiyarka?"

"Ranka ya daɗe, ba ka daina takawa ba."

Wata rana kuma, a lasifikar ƙyauren nan akwai rurin babura ƙasa-ƙasa, irin na ranar da aka shigo mana. Malama ta ce a tabbata kowa ya ji. Nomau ya tuna Baba Jatau kurma ne. Ni na nuna masa maɓallin, shi ya murɗa har ƙarshe. Mutanenmu suka watse, mata na ƙwala wa 'ya'yansu kira, wata ta karye a hannu. Jatau kaɗai ya tsaya, bai ji komai ba. Wannan karon ban yi dariya ba. Malama ta ce Asabar ce dama ta ƙarshe.

Ran Asabar ta ce wa Nomau, "Kada ka kunna komai sai na zo." Motarta ta mace a hanya. Mutanenmu suka shigo a ɗarare. Na roƙi Nomau ya kunna, na rantse, na ce ni ne injiniya.

"Ba ta zo ba."

Aka tsaya gaban ganga, tsit. Can Goggo Tabawa ta soma buga ƙirjinta a hankali, daidai kiɗan da uban Nomau ke yi wa manoma. Wani ya karɓa da tafi, wani da ƙafa. Sai aka shiga kiran sunayen waɗanda ba su fito daga Ƙauran Dinya da rai ba, gida-gida, har aka zo kan mai gangar.

Malama ta iso, ta tsaya bakin ƙofa, ta hana ni taɓa maɓalli. Ganga ta zauna, zauren kuwa har yau ba lasifika, kuma nakan gaya wa baƙi dabarata ce.

A ranar, da aka natsa, Jatau ya dafa Nomau. "Buga mana ita sau ɗaya, ɗan marigayi."

Nomau ya daɗe yana kallon gangar, hawaye na zuba, hannuwansa a baya.

"Baba, an ce kowa."