Rasuwar Mai Ganga, Kwamfutar Malam Bawa na Banifandu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda haushi ya kusa rinjaya, Malam Bawa Ɗan-Tambari na unguwar Banifandu a nan Yamai, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, kuma sakataren ƙungiyar 'yan asalin Tudun Aduwa mazauna birni, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, har da waɗanda ba na arziki ba, rasuwar kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, wadda aka fi sani da Mai Ganga. Ta cika ranar Alhamis bayan la'asar a kan teburin wani mai gyara, bayan jinyar kwana huɗu a hannun masana. Malam Bawa ya ce a rubuta masana ɗin haka nan, su kansu sun san da su ake.

Marigayiyar ta shigo ƙasar nan da shekarunta, cikin kayan gwanjo, da tabo a murfi da harafi ɗaya da ya ɓalle. Duk da haka ba ta taɓa kawo wa maigidanta raini ba. In an tashe ta, sai ta buga ɗan kiɗanta, "dum-du-rum", kamar maroƙi mai ladabi da ya iso ƙofar gida, daga nan ta samo sunanta. In zafi ya tsananta ta ce "fuuuu" ta gefen hagu, ta ci gaba da aiki. Ta rubuta wasiƙun neman rijiya guda goma sha ɗaya, ta rubuta takardar ta'aziyyar kowane ɗan ƙungiya da ya riga mu, ba ta taɓa cewa ta gaji ba.

A farkon zamanta ta sha fama da ƙwayoyin cuta. Duk lokacin da Malam Bawa ya kai ɗan kilensa, abin nan da ake soka wa kwamfuta a kwafi ajiya, gidan sibar inda ake hayar intanet, ya dawo ya soka mata, sai ta kwanta. Nan surukinsa Sumana, mijin 'yarsa Raliya, wanda aikin kwamfuta yake yi a wani buro, wato ofis, ya raba ta da tsohon tsarinta ya zuba mata Linuks. Ya ce wannan tsari ba shi da ubangida, na kowa ne, kyauta ne, kuma ƙwayar cuta ba ta kama shi. Gaskiya ɗaya ce, ko a bakin mai fushi: shekara biyu ta yi garau. Malam Bawa ya yi rantsuwa shi da sibar har abada. Yakan ɗauke ta ya tafi unguwar Koira Kano, ya zauna a gindin dogon yaro jikin katangar wani buro inda mai gadin tsohon ɗalibinsa ne, 'yar fitilarta ta yi shuɗi, ta kamo wifi ta bayan katanga, ya aika saƙonninsa ya dawo gida kafin azahar.

Aikinta na ƙarshe shi ne mafi girma. Kowa ya san yadda damina ta yi mana bara. A Tudun Aduwa, can jihar Tawa, rumbuna sun zama ɗakin kwanan ɓeraye, mata suna jiƙa 'ya'yan anza kwana uku su rage ɗaci kafin su ba yara. Da sojoji suka karɓi mulki aka daina kallon bayan kafaɗa kafin a furta kalmar yunwa, sai wata ƙungiyar agaji ta ce za ta raba hatsi, amma sai ƙauyen da ya aiko da sunayen gidajensa ta mel, wasiƙar intanet, da yawan bakuna da yawan ƙananan yara, kafin ƙarfe sha biyun ranar Juma'a. Malam Bawa ya rungumi Mai Ganga ya shiga kar, babbar motar fasinja, sai Tudun Aduwa. Kwana tara yana bin garin ƙofa-ƙofa, kullum da safe ya taka zuwa ɗakin shan maganin ƙauyen da ke gaba ya ɗura mata wuta daga farantin rana. Gida ɗari biyu da goma sha huɗu suka shiga cikinta. Mai gari ya ce a kwafa a takarda ma, Malam Bawa ya yi murmushi ya ce zamanin takarda ya wuce. Ya ce a rubuta wannan ma, kada a ce ya ɓoye nasa.

Ya dawo Yamai ranar Asabar. Matarsa Delu ta ga yadda tafiya ta ɓata kwamfutar, tausayi ya kama ta, ta zauna a keken ɗinki ta yi mata riga da sauran atamfar salla, da roba a baki don ta kama jiki sosai. Ashe a gefen dama na marigayiyar akwai wani ɗan maɓalli da bai fi ƙwayar wake ba, mai zamewa gaba da baya, shi ke buɗe wifi shi ke rufewa. Da aka cusa ta cikin sabuwar rigar, robar ta ja shi baya. Iyakar ciwon ke nan, jama'a. Babu wanda ya gane sai da aka gama kashe ta. Kuma duk wanda ya kuskura ya ɗora wa Delu laifi, Malam Bawa ya ce ya same shi a gida, yana da magana da shi.

Ranar Litinin ya je gindin dogon yaro, fitila ta ƙi yin shuɗi. Ya matsa kusa da katanga, ya ɗaga ta sama kamar mai nuna wa mutane jariri, shiru. Ya kashe ya kunna, ta buga masa ganga lafiya lau, amma rezon wifi ko ɗaya ba ta gani. A lokacin da sauran kwana huɗu, ga kile a aljihu, ga sibar a bakin hanya. Ya tuna rantsuwarsa, ya wuce ƙofarta, kansa a sama, ya aika a kira Sumana.

To, Sumana suruki ne, kuma suruki mai kunya. Shekara tara da auren Raliya bai taɓa cin abinci a gaban Malam Bawa ba, bai taɓa haɗa ido da shi ba. In ya zo, tun daga ƙofa yake tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gaida, ya koma rumfar waje. Haka aka yi jinyar. Delu ta miƙa masa majinyaciyar a rumfa, Malam Bawa na tsakar gida a kan tabarma yana jin ƙarar haruffa, taƙas-taƙas-taƙas, yana gyaɗa kai don a zatonsa ƙarar aiki ce.

Sumana ya buɗe wata baƙar taga, yana zuba mata umarni da wani yare wanda ba Faransanci ba, ba Zabarmanci ba, ba na kowace uwa ba. Ita kuma ta amsa masa da layi ɗari, ya karanta biyu. Ya yanke cewa abin da ke tuƙa na'urar kama rezo, wanda suke kira pilot, shi ne ya lalace. Ina ake samun sabo? A intanet. Mene ne ciwon? Rashin intanet. Wayyo, ilimi! Ya koma buronsu ya tambayi mutanen duniya a dandalinsu na intanet. Wani ya ce a cire wancan, wani ya ce wanda ya ce a cire wancan jaki ne, wani ya ce an amsa wannan tambaya shekara uku da suka wuce, a je a nema. Na huɗu ya ce shi tasa tana aiki lafiya. Malam Bawa yana yi wa wannan na huɗun addu'a ta musamman, wadda ba za ta shiga sanarwa ba. Ranar Talata Sumana ya dawo da pilot uku a kile, ya ɗura mata ɗaya bayan ɗaya kamar mai gwada sassaƙe a kan akuyar maƙwabci, fitila ba ta ko ƙifta ba.

Ranar Laraba ya ga babu mafita sai a wanke ta fes a sake zuba sabon tsari. Marigayiyar, Allah sarki, sau biyu ta tambaye shi a rubuce ko ya tabbata, don duk abin da ke cikinta zai tafi. Tsakanin rumfar da tabarmar Malam Bawa taku takwas ne, an auna daga baya. Sumana ya ga ai rashin kunya ne ya tambayi babba abin da ya ajiye a cikin kayansa, kuma malamin da ya shekara talatin yana koyarwa ba zai rasa kwafi ba. Malam Bawa kuwa maganar tana kan harshensa, yana son ya ce a kula da sunayen nan, amma ya ga in ya faɗa kamar ya raina wa suruki sana'arsa ne a gaban mace. Wannan ya yi kara, wancan ya yi kara. Sumana ya danna.

Kafin magariba ta farka. Ta buga ganga, ta buɗe fuska sabuwa fil, ta tambayi Malam Bawa sunansa kamar ba ta taɓa ganinsa ba. Babu wasiƙa, babu hoto, babu gida ko ɗaya daga cikin ɗari biyu da goma sha huɗu. Wifin kuma, don a cika mana baƙin ciki, yana nan a rufe yadda yake.

Ranar Alhamis aka garzaya da ita wurin Abdulaye mai gyara a Bukoki, mutumin da bakinsa bai san wata kalma ba sai ba komai. Ya ce sunaye ko a kabari suke zai tono su. Ya ga batir ya yi ƙasa, ya laluba cikin kwali ya zaro wata sharja da ba tata ba, ya ce duk uwarsu ɗaya. Kalmar marigayiyar ta ƙarshe ita ce "ɗas". Sai ɗan hayaƙi, sai warin roba. Abdulaye yana juya gawar a hannunsa babban yatsansa ya taɓa ɗan maɓallin nan, ya zame shi gaba, ya ce af, ai wannan a kashe yake tun farko, wa ya duba ta? Malam Bawa bai zage shi ba. Ya daɗe yana kallon maɓallin, sannan ya nemi wuri ya zauna a kan wata tsohuwar talabijin.

Malam Bawa ya buga wayar mutum ɗaya da ke da salula a Tudun Aduwa har yatsa ya gaji, a kashe take. Ranar Juma'a bayan asuba ya ɗauki takardar da ya ce zamaninta ya wuce, ya rufe ido, ya shiga garin da zuciyarsa daga masallaci zuwa rijiya, yana ƙwanƙwasa ƙofofi. Gida hamsin da takwas ya iya tunawa da cikakken suna da yawan bakuna. Da ya duba takardar sai kunya ta rufe shi, kunya ta gaske wannan karon, don duk danginsa ne da abokan wasansa da na kusa da masallaci. Na bakin gari, waɗanda suka fi kowa jin jiki, su ne suka zube masa. Ya shiga sibar da ya rantse ba zai ƙara shiga ba, ya aika saura minti ashirin. Ranar Litinin amsa ta zo: an karɓi hamsin da takwas, an rufe. Ya je da ƙafarsa ya roƙa, wata mata mai ladabi ta ba shi kujera da ruwan sanyi, ta ce da sunayen da aka aiko kan lokaci ake loda motocin.

Marigayiyar ta bar sharjarta ta asali, wadda aka manta a gida ranar da aka fi bukatarta. Ta bar kile guda, lafiyayye, wanda babu komai a cikinsa sai pilot uku na banza. Ta bar riga sabuwa da aka sa sau biyu. Ta kuma bar gida ɗari da hamsin da shida waɗanda har yanzu suna kallon hanyar mota.

Ba za a yi zaman makoki a Banifandu ba. Liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, kuma da gaskiyarsa. Abdulaye kada ya zo, kada ya aiko, in ya hango Malam Bawa a hanya ya canza titi. Masu cewa ai da an sani, su riƙe da-an-saninsu, akwai shi buhu-buhu a gidan. Masu cewa da an bar ta a tsohon tsarinta da ba haka ba, su ma su yi shiru, ba tsari ne ya yi kara a rumfa ba. Wanda ya ga lalle sai ya yi gaisuwa, ya zo da tiyar hatsi ya juye a buhun da ke bakin ƙofa, ya juya. Ba a bukatar kuka, ba a dafa shi.

Za a tashi da gawar ranar Asabar a kar ɗin farko na Tawa. An kama kujera biyu a jere, ta Malam Bawa da ta Sumana, kafaɗa da kafaɗa har a isa, kuma ba a karɓar uzuri. Ranar Lahadi da hantsi za a taru a ƙofar mai gari, Malam Bawa ya miƙe ya karanta sunaye hamsin da takwas a gaban kowa, ya naɗe takarda.

Daga nan za a wuce da ita gidan ƙarshe na yamma da gari, wurin Iya Zeinabu, mai riƙon jikoki bakwai. Ita ce, ranar da ya shiga rubuta gidanta, ta hana shi fita sai da ya juya mata gilashin kwamfutar ta ga sunanta, ko da yake ba ta karatu, ta shafa shi da yatsa ta ce yanzu hankalinta ya kwanta. Sunan ya faɗo masa ranar Juma'ar nan ƙarfe sha biyu da minti goma, yana sa takalmi a ƙofar sibar. Malam Bawa ya ce shi zai yi sallama ya shiga ya faɗa mata da bakinsa. Sumana zai tsaya a bakin ƙofa da gawar a hannu, har ta fito ta nuna inda za a haƙa.