Ranar da Na Ceci Banifandu Daga Dambun Surukata

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da yake Allah ya sani na gwada, da ranar da na tsaya gaban ƴan biki a unguwar Banifandu ta Yamai, na nuna uwar matata da yatsa, na ce a kama ta.

Kada ku yi saurin cewa hauka ce. Akwai hauka a ciki, ban musa ba, amma tana da mafari.

A lokacin ina gyaran portabul a wata ƴar bitik, wato ɗan shago, a unguwar Zongo. Aikin gyaran waya hannu da ido yake ci, kunne kuwa zaman banza yake yi, shi ya sa na kamu da sauraren littattafan leƙen asiri, irin waɗanda ake karantawa a tura wa mutane a waya. Da safe in maƙala abin kunne, salla kaɗai ke cire mini shi. Wanda ya fi tafiya da ni labarin wani jami'in sirri ne mai muƙamin soja, Ajidan Iro, da aka tura ya kutsa cikin ƴan ta'adda. Can ya faɗa son wata yarinya, sai ga alamu sun nuna ita ke kai musu rahoto. Akwai wurin da ya tsaya gabanta, hawaye na zuba, ya ce mata yana sonta amma ƙasa ta fi ta. Jama'a, wurin nan ya kashe ni. Na yi ta maimaita shi har na kasa wucewa gaba, in ya ƙare in dawo da shi farko. Na yi kuka ni ma (na ce wa maigidana hayaƙin dalma ne ya shiga mini ido).

Abin ya bi jikina. Na sayi baƙin tabarau. In na je fadarmu ta shan shayi a Bukoki, ba na zama sai bayana na jingine da bango. In ina bisa moto, wato babur, rabin tafiyar a madubi nake yin ta, ina duba wa ke bi na, alhali ba mai bi na sai masu adaidaita a kan hanyarsu ta zuwa kasuwa. Abokina Hamani, wani Bazabarme da bakinsa ba ya hutawa, shi ya laƙaba mini Ajidan. Ya miƙo mini kofi ya ce, "Ajidan, sunsuna mana, ko an zuba wani abu." Abin haushin, sai in sunsuna.

Amma ku yi mini adalci kaɗan. Zamanin ba na wasa ba ne. Kowa a Yamai ya san gidan da aka yi zaman makokin soja, ana lalube jakunkuna a ƙofofin ma'aikatu, rediyo na ta cewa wanda ya ga kayan da bai yarda da su ba ya yi magana. Ɗan ƙanen babana soja ne, duk ranar da ya kira gida sai an yi hamdala. Tsoron na gaskiya ne, ni dai na ƙara masa yaji.

Ana cikin haka Nana ta shigo rayuwata, da waya mai fasasshen gilashi. Na gyara wayar, ni kuma na lalace. Mutanen Damagaram ne, sun daɗe a Banifandu, babanta Alhaji Mamman tsohon ma'aikacin duwan ne, wato kwastan. Magana ta yi nisa har manyana suka je neman izini, aka ce musu za a yi shawara. Nana ta faɗa mini gaskiya: Baba ba shi da matsala, amma maganar ƙarshe tana bakin Inna. Idan Inna ta ce a'a, to an gama.

Ga kuma inda matsalar take: ban taɓa ganin fuskar Inna ba. Nana ce ƴar farinta, Inna kuwa irin matan dā ce, ko sunan ƴar fari ba ta kamawa, balle ta tsaya gaban mai neman ta. In na je gaisuwa, in durƙusa a bakin ƙofa in yi ta zuba wa labule "ina wuni", sai dai in ji ƙarar awarwaro daga ciki. Ni kuwa haifaffen Yamai ne, a gidanmu uwata har wasa take yi da mazan ƴaƴanta mata. Don haka na fassara shirun nan da ƙiyayya. Na ce wa Nana, "Innarki ba ta so na." Ta yi dariya ta ce, "Kai dai ka jira. In ta yarda za ka gani, ba ji za ka yi ba." Ban tambaye ta me zan gani ba (jami'in sirri ba ya nuna bai gane ba).

Sai aka tashi bikin ɗan baffanta a gidansu. Na sha farar shadda, na ja Hamani, muka tafi. An kafa rumfa ta tare titi, an jera motoci masu ƙafa biyu a jikin katanga, mai kayan kiɗa ya ƙure sauti. Bayan azahar aka fito da shinkafa, kowa ya duƙufa. Ni na zaɓi kujerar ƙarshe, baya a bango, tabarau a ido, ina nazarin jama'a.

Nan na hango Nana a bakin ƙofar gida. Kusa da ita wata mata ce cikin babban hijabi ruwan ƙasa, ta ja shi har bisa hanci, kuma a fili take tana ɓoye wani abu a ciki. Nana ta duba dama, ta duba hagu, sannan ta turo baki ta nuna motona. Matar ta bi jikin katanga sumumu, ta fito da wani ƙunshi a tsohon zane, ta ɗaure shi a bayan moton da robar da nake ɗaure kaya, ta sake waigawa, ta juya da sauri.

Na tashi a hankali na isa wurin, na taɓa ƙunshin. Ƙarfe ne a ciki. Yana da nauyi. Yana da zafi! Na kara kunne, na ji wani abu na yin ɗis, ɗis, ɗis. (Za ku ce ban ji ƙamshi ba? Na ji. Na ce a raina, lalle mutanen nan ƙwararru ne.)

Wallahi a wannan lokacin zuciyata ta karye da gaske. Nana! Ashe duk murmushin nan aiki aka turo ta? Ashe gilashin wayar ma da gangan ta fasa? Ban tsaya na tambayi kaina me ƴan ta'adda za su ci da mai gyaran portabul na Zongo ba. Na dubi ƙofar gida, na dubi rumfa, ga tsofaffi, ga yara na rarrafe tsakanin kujeru. Na ji muryar Ajidan Iro a kunnena. Na share hawaye, na zaɓi ƙasa.

"Bam! Bam ne! Kowa ya kwanta!"

Ban tsaya nan ba, kaicona. Na miƙa yatsa na ce, "Waccan mai hijabin ce ta dasa shi! Ku kama ta! Da Nana aka haɗa baki!"

Abin da ya biyo baya ba ya faɗuwa. Alhazan da suke tafiya da sanda na ga sun tsallake benci. Kujeru suka tashi sama, takalma suka watse, wata tanti, babbar mace, ta sure ɗan da ba nata ba ta yi gaba. Mai kiɗa ya tsere ya bar waƙa na tashi. Hamani ma ya gudu, amma da farantin shinkafarsa a hannu, ko ƙwaya bai zubar ba. Ba wanda ya kama kowa, alhamdu lillahi, kowa ta kansa yake yi.

Ni kuwa na kwance ƙunshin, na rungume shi a ƙirji, na zura da gudu ina kalmar shahada har ƙarshen layi inda babban kwatamin unguwa yake. Na wurga shi, na yi tsalle na kife a ƙasa, na toshe kunnuwa.

Na jira. Na ƙara jira.

Ba abin da na ji sai waƙar biki daga nesa, da ƙarar murfin kwano yana gangarawa. Na ɗago kai na leƙa. Dambu ne. Dambu da kopto, wato zogale, an ji masa mai, ga zabuwa sukutum an soya ta ta yi ja, tana kwance cikin ruwan kwatami. Wani ɗan akuya ma har ya iso ya fara bincike.

Tafiyar da na yi daga kwatamin nan zuwa rumfa ita ce mafi tsawo a rayuwata. Mutane suna fitowa daga bayan katangu suna kakkaɓe shadda. Nana na tsaye a tsakiyar titi, idonta ya kaɗa.

"Inna ce," ta ce.

Na ce, "Wace Inna?"

"Inna nawa gare ni? Tun da safe ta bar aikin biki ta shiga madafa ta kulle, da hannunta ta yi maka. Ba ta aiki kowa ba don kada gida ya ji ta yi wa mai neman ƴarta girki. Amsarta ke nan! Ita ce ka zuba a kwata!"

Na ce, "Nana, ai a littafin..."

"To je ka auri littafin. Ni ka nuna? Ni zan tashe ka? Da ina son kashe ka, sai na jira ranar bikin gidanmu?"

Sai ga Alhaji Mamman ya taho, hularsa a karkace, ƙafa ɗaya ba takalmi. Na durƙusa, na cire tabarau (sai a lokacin na tuna yana fuskata). Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Yaro, da ka ɗauka bam ne, me ya sa ka rungume shi?"

Na ce, "Akwai yara a rumfar, Baba."

Can ya ce, "Tashi ka shiga ka ɗauko wa mutane kwanonsu."

Haka na naɗe farar shaddata na shiga kwatami, Banifandu kaf na kallo. Hamani ya tsaya a bakin ramin yana ƙarasa shinkafarsa, ya ce, "Ajidan, a kira maka ƙarin sojoji ko za ka iya kai kaɗai?"

Nana ta daina ɗaukar kirana. Na rame, na daina zuwa fada, na jefa tabarau a akwatin matattun wayoyi. Uwata da ta ji labari ta yi dariya har ta zame daga kujera, sannan ta share ido ta ce, "Wawa. Matar da ta ɓoye fuska ta yi maka girki, ai ta gama ba ka ƴa. Wanke kwanon nan da kyau. Kuma ba a mayar da kwano wayam." Ta cika shi da dabino da goro, ta ce da ƙafata zan kai.

Na je na durƙusa gaban labulen nan da na saba. Nana na zaune gefe, ta juya mini ƙeya. Na ba da haƙuri, na sake bayarwa, na ce na cancanci duk abin da aka yanke. Sai na ji awarwaro ya motsa, kuma a karo na farko na ji muryar Inna. Ba da ni ta yi magana ba, da ƴarta ta yi, ita ma ba ta kama sunanta ba.

"Ke. Ki ce wa mai tabarau ya yi mini asarar zabuwa. Amma na gani da idona, da ita ya gudu, bai gudu ya bar ta cikin ƴaƴan mutane ba. Ki ce gobe ya zo da yunwarsa." Ta ɗan tsaya. "A buɗe zan aiko."

Nana ta so ta ci gaba da fushi, dariya ta ƙwace mata. Ni kuwa na kifa kai na yi kuka, wannan karon ba dalma a kusa da zan ɗora wa laifi.

An yi auren. Har yau duk abincin da ya fito daga gidan Inna ba murfi yake zuwa, sai dai a yafa masa faifai, kuma Nana ba ta fasa ɗiban cokalin farko a gabana ta ce, "An bincika, Ajidan, bismilla." A Banifandu kuwa in na wuce, tsofaffi daga bisa tabarma suke sara mini irin ta soja.

Darasin da na koya shi ne, ba duk mai waige-waige yana ɓoye abu cikin hijabi ne mugu ba. Wani alheri ne ya ɗauko yake jin kunyarsa. Na biyun Nana ce ta koya mini. Bayan aure ta ɗauki wayata ta saurari littafin nan har ƙarshe, abin da ni ban taɓa yi ba. Ashe yarinyar Ajidan Iro ba ta ci amanarsa ba, ita ma aikin ƙasa take yi, ita ce ma ta cece shi.

Ta cire abin kunnen, ta dube ni ta ce, "Ka gani? Da ka ƙarasa littafinka, da ka ci zabuwa."