Ranar da Na Gyara Kujerar Baba

Surukina, Baba, yana da wata kujera da ya samo daga tsohon ofishin auduga a Wad Haddad. Ta fata ce, bayanta a lanƙwashe kamar rabin ƙwarya, ƙafarta ta ƙarfe guda ɗaya tak, kuma da ka taɓa ta sai ta juya. Ni a ganina lalacewa ta yi. Wace kujerar kirki ce ba ta tsayawa wuri guda?

Da ɗiyata Nafisa ta fara dafa abubuwa tana miƙewa, hankalina ya tashi, kada kujerar ta kayar mini da ita. Ranar da Baba ya tafi kasuwa, na kwaɓa laka da kashin shanu irin na yaɓen katanga, na binne ƙafar duka. Har maƙwabciya na kira ta ga aikina. "Shekara da shekaru maza sun kasa," na ce mata.

Ni mai lura da komai, na manta Baba a zaune yake salla saboda ciwon gwiwa, kujerar yake juyawa alƙibla.

Da la'asar ya zauna, ya tura ƙafa, kujera ta ƙi. Ga shi yana fuskantar garken awaki.

"Ɗiyata," ya ce, "yau bunsuru ne limaminmu?"

Mijina ya fasa lakar da fartanya, dariya na neman kayar da shi. Yanzu Nafisa ta iya tafiya, a cinyar Baba ma take juyawa tana ƙyalƙyala. Ni kuwa, ko tukunya ce ta girgiza a murhu, sai Baba ya ɗaga murya: "A kira mana injiniya, ta zo da laka!"