Azarar Abarshi

"Ni Abarshi, in ban zuba soro bana ba, ku aske mini gemu da fasasshen kasko! Dokar kumandan ta ci masu tsoro."

Haka aminina ya faɗa a bakin tafkin Madarumfa, ni kuwa Tanko, babban wazirin wawaye, na ce, "Sai kai, namijin duniya!"

Lokacin kumandan, Nasaran da ke mulkin ƙasar, ya hana saran giginya sai da izini, ga gardin daji yana zagaye gari yana leƙa rufin ɗakuna. Ba azara kuwa, ba soro. Abarshi bai jira komai ba, ya yaye bunun ɗakin matarsa Inde ana gab da damina. Ta ce in ruwa ya taɓa ta, sai gidansu.

Muka tafi Gabi neman azara, wani mai idon ɓera ya ja mu bayan rumbu, ya nuna mana ita yana raɗa: "Ta sata ce, ku rufa mani asiri." Jin ta sata ce, ko ƙwanƙwasa ta ba mu yi ba, muka ɗora wa jaki muka lulluɓe da kara.

Da aka jera azara sai tsoro ya kama gogan. "Tanko, in gardi ya ɗaga kai hwa?"

"Mu shahe ta da laka, ciki da waje," in ji ni. Wallahi har yau ina jin haushin bakin nan nawa. Muka labta ƙasa, muka ƙara, har rufin ya fi bangon kauri.

Ranar ruwan fari da hantsi, sai ga gardi Mamman ya shigo fakewa. Abarshi ya tsaya tsakiyar ɗaki yana buga ƙirji, har da kiransa "mushe", wato yallaɓai da Faransanci: "Duba da kyau, mushe, ka ga itace?"

Rufi ya amsa masa. Rugum! Sai kan Abarshi kaɗai ake gani cikin taɓo, yana tofar da gara. Ni kuwa na durƙusa ina rantsuwa ban san shi ba.

Mamman ya ɗauki guntun azara, ya murje ta da yatsu ta zama gari. "Ba tara," in ji shi. "Mai rai anka hana sara. Wagga ta mutu tun kakana na goye."

Inde ta ɗora ƙwaryarta a ka, ta dube mu, ni da shi.

"Kaico! Ko laihin ma ba ku iya ba."