Tekun Da Kuka Sayar wa Maigidana

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Teku a Ɗakinka, masu sayar da gilashi da gishiri da kifin kallo,

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka da kifayenku. Sunana Amsa, matar Malam Kallamu, manomin albasa da tumatir a wani ƙauye kusa da dam ɗin Watari. Sana'ata sayar da zoɓo da kunun aya masu sanyi. Firiza ɗaya gare ni da sola ɗaya, su ne jarina.

Shekara ashirin da biyu muna tare, ban taɓa ganin maigidana ya ƙwallafa rai a kan abin da ba a shukawa ba, sai ranar da bidiyonku ya faɗo wayarsa. Wani saurayi mai fara'a ya ce kowa zai iya kafa teku a gidansa da ɗan abin da ke aljihu. Malam ya yarda, domin shi mutum ne mai kyautata zato. Ga abin da ya biyo baya, in za ka yi haƙurin karantawa.

1. Da ya ce mini ya yi odar murjani, har ƙanwata na kira na gaya mata. Na wanke wuya, na jira. Abin da ya iso cikin leda wani ɗan guntu ne kamar ɗanyar citta, wai yana da rai, wai kar a taɓa shi. Ranka ya daɗe, a garinku haka ake yi wa mata?

2. Saurayinku ya ce ruwan gishiri, bai ce wane gishiri ba sai a bidiyo na huɗu. Kafin Malam ya kai na huɗun, kwanon gishirina ya riga ya shige akwatin gilashi, ranar muka ci miyar kuka lami. Daga baya aka gane ruwan rijiyarmu ma bai cancanta ba. Wannan rijiya ta shayar da surukata har ta shekara tamanin, amma wai citta mai rai ba za ta iya da ita ba. Yanzu fiya wata ake farkawa leda-leda ana zuba mata, mu kuma muna shan na rijiya, muna godiya.

3. Kun ce in an cika akwati a bar shi sati shida babu kifi, har ruwan ya nuna. Ruwa mangwaro ne? Sati shida maƙwabta na sallama, a shimfiɗa musu tabarma, su zauna suna kallon ruwa da dutse. Malam Hashimu, masuncin da ke kawo mana karfasa daga dam, ya fi rabin awa yana leƙe, sannan ya ce, "Malam Kallamu, ko dai kifin nan ƙanana ne ƙwarai, ko idona ya fara tafiya."

4. Shuɗiyar fitilarku ta sa baƙi biyu sun shigo zaurenmu neman aski. Wannan na yafe. Abin da ban yafe ba, babu wanda ya gaya wa Malam cewa tekunku ba ya son zafi. Ka taɓa zuwa Kano da bazara? Famfon akwatin da fankarsa a solata suke cin wuta, ƙanƙarar da nake sanyaya zoɓo da ita kuma Malam yake ɗiba yana jera wa tekun. Ranar kasuwa na fitar da zoɓo mai ɗumi, wata mata ta kurɓa ta tambaye ni ko shayi na koma sayarwa.

5. Sai kifin. Guda uku ne, daga Legas a motar haya, daga tasha a adaidaita, Malam ya rungume kwalinsu kamar jinjiri. Launinsu ruwan lemo ne da farin zane, kowanne bai fi babban yatsana ba. Malam Hashimu ya tambaya guda nawa ake sa wa miya, Malam bai kula shi ba har kwana uku. Biyu sun mutu a satin farko. Malam ya binne su gindin zogale, ya hana kajina zuwa wurin.

Na so in tsaya nan in nemi ku zo ku kwashe tekunku, amma gaskiya ba ta ƙare ba. Mahaifin Malam masunci ne a Baga. Malam yana ɗan shekara bakwai suka baro bakin tafki, bai sake komawa ba, kuma bai taɓa ba ni labarin wurin ba. Tun da kifin nan guda ya rage, in Malam ya dawo daga gona da la'asar sai ya ja kujera gaban gilashi ya kira ni. A nan na fara jin sunan kwalekwalen babansa, da yadda ruwa ke kaiwa inda ido ya tsaya. Nakan zauna ina ƙulla zoɓo, yana magana, kifin yana zagaya dutsensa.

To yau kwana biyu kifin ya ƙi cin abinci. Ya laɓe bayan dutse. Malam ma tuwonsa yana dawo mini kusan yadda na kai. Ya kira lambarku sau bakwai, wata murya tana ce masa kiransa na da muhimmanci a wurinku.

Saboda haka, ranka ya daɗe, gishirina da ƙanƙarata na bar muku sadaka. Abu ɗaya nake roƙo: a samu mutum mai rai a kamfaninku, wanda ya san kifi da gaske, ya kira ni ya gaya mini me za mu ba shi. A kira kafin azahar, lokacin Malam yana gona, domin bai san na rubuto ba. A wurinsa har yanzu ni ce mai adawa da teku, kuma ina son riƙe muƙamina.

Allah Ya ƙara girma, Ya yalwata tekunku, Ya sa kar ya sake malalowa ƙauyenmu.

Taku mai biyayya a kullum,

Amsa Kallamu,
Mai Zoɓo, kusa da Watari.