Hoton Inna da Zoben da Na Ƙara wa Kauri

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar Lahadin da na shanya danginmu kaf a rana, a ƙofar gidanmu na Fadikpe, na ɗauke su hoton da har yau ba na son a ta da zancensa. Tunda ni na ta da shi da bakina, bari in faɗe shi duka.

Sana'ata ƙunshi ce, ja da baƙi. Don tallar aikina na sayi kyamara ta hannu, irin ta zamani marar fim, amma gilashin da ta zo da shi bai fito mini da zane yadda nake so. Wata rana na je Sabon Gari yi wa wata amarya ƙunshi, na tarar da maƙwabcinsu Baba Danladi, tsohon mai hoto da ya rufe shago tun da waya ta kashe kasuwar, ya baza tarkacensa yana gogewa. A ciki na hango wani gilashin kyamara, baƙi, jikinsa ƙarfe zalla, ga nauyi kamar dutsen guga. Ya girme ni nesa ba kusa ba. Irin wanda ba ya saita kansa ne, da hannu ake murɗa shi har hoto ya fito. Baba ya ga na ƙi ajiyewa, ya ce in tafi da shi.

Matsalar ita ce bakinsa bai dace da na kyamarata ba. Sai an sa wani zobe a tsakani, wanda masu sana'ar ke ce wa adafta. Baba ya auna, ya sake aunawa, ya rubuta mini kaurin zoben a bayan wata tsohuwar ambulan.

"Ɗiyata, ka kai wa mai ƙira," in ji shi (kowa "ka" ne a wurin Baba, mace ko namiji). "Ya bi awon nan daidai. Kar ya ƙara, kar ya rage."

Na ce to, alhali rabin hankalina yana kan hotunan da zan ɗauka.

Na kai aikin Chanchaga, wurin Malam Isiyaku mai ƙera sassan injin markaɗe. Ya karanta ambulan, ya nuna mini da farce yadda zoben zai kasance. Na ga abin siriri, kamar awarwaron yara. Ni kuma Allah ya yi ni da son abu mai ƙarko, ko bokiti zan saya sai na ƙwanƙwasa shi. Na ce ya ƙara masa kauri.

"Hajiya, ba haka aka rubuta a takardar ba."

"Malam, kyamarar tawa ce ko ta takarda?"

Bawan Allah ya ƙara.

Gaskiya hotunan sun yi kyau, kar in ci haƙƙin gilashi. Hannun amarya ya fito tar, kana iya ƙirga layukan tafinta, bayanta kuma ya narke luf. Mata suka fara tambaya wa ke ɗaukar mini hoto. Kaina ya kumbura. Na shiga yi wa mutane lacca a gidan biki cewa waya ba ta ɗaukar hoto, shaida kawai take ajiyewa (a lokacin watana biyu kacal da riƙe kyamara). Abin da ban lura da shi ba, duk abin da nake ɗauka hannu ne da ƙafa. Ban taɓa auna gilashin nan a kan abin da ya wuce tsawon tabarma ba.

Ana haka bikin ƙanina Kabiru ya zo. Kakarmu ta wajen uba, Inna, mace ce da ba ta yarda da hoto. Ban da na fasfonta na Makka, babu hotonta ko ɗaya a duniya. In ta ga an ɗaga waya sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Amma bikin ya tara mata 'ya'yanta bakwai a tsakar gida ɗaya, abin da aka fi shekara goma ba a gani ba, har da Baffa Sale daga Fatakwal da Goggo Rabi daga Kano. Su biyun suka yi ta lallashinta har ta sauko.

"Sau ɗaya zan zauna," ta ce. "In na tashi na tashi."

Baffa Sale ya kira mai hoton unguwa, Oga Friday. Ni kuwa na ji kamar an zage ni. Ga ni a gida, da gilashin da ya fi shagon Friday gaba ɗaya, a ce an kira bare? Na tari mutumin a ƙofa na ce ya huta, aikin nan ya fi ƙarfin kyamararsa. Bai yi musu ba. Ya rataye kayansa, aka kawo masa shinkafa, ya ja kujera ya zauna a tsallaken titi. Daga nan na juya kan dangi na kafa doka: kowa ya mayar da waya aljihu, kada hankalin Inna ya rabu biyu. Har da ƙwace wayar matar yayana na yi.

Mun haura mutum sittin. Don kowa ya shiga, sai da na yi ta ja da baya har na tsallaka titi na hau benci. Na ɗora ido, na fara murɗa gilashi. Dishi-dishi. Na ƙara murɗawa. Mutane suka ɗan fara fitowa, sai na ji ƙarfen ya tsaya cak, ya kai ƙarshensa, su kuwa ba su gama fitowa ba.

Nan ne wurin da nake jin kunyar faɗa. Na gani. Wallahi na gani da idona cewa hoton bai yi ba. Friday yana nan taku biyu a gabana da kyamararsa a wuya, kalma ɗaya ta isa. Amma na tuna abin da na gaya masa a ƙofa, na tuna wayar da na ƙwace, sai na ce wa raina ai hasken rana ne ya dame ni, da gumin da ke shiga idona.

"Ke 'yar nan, rana fa," in ji Goggo Rabi.

"Goggo, aikin hannu ba a yi masa gaggawa."

Na danna sau wajen goma, na ɗaga babban yatsa na ce an gama. Inna ta tashi ta shige ɗaki. Kafin azahar matafiya duk sun kama hanya.

Da la'asar waɗanda suka rage suka matsa sai na sa hoton a talabijin ɗin falo. Na ce batir ya mutu, aka miƙo mini caja. Na ce wayar haɗa kyamara da talabijin ta ɓata, aka samo wata. Hoton ya bayyana. Dangina sittin sun zama curi-curi na kala, fari nan, shuɗi can, babu mai ido balle hanci. A kusurwar dama kuwa ga Oga Friday, garau, cokali a baki, kana ganin ƙwayar shinkafa a gemunsa da zaren maɓallin rigarsa. Ban taɓa ɗaukar hoton da ya kai nasa kyau ba.

Matar yayana ta tambaya a hankali ko Friday ne ya yi aure. Aka fashe da dariya har da masu faɗuwa daga kujera. Ni dai zufa kawai nake yi, ina addu'ar a ɗauke wuta, ranar kuwa masu wutar suka ƙi ɗaukewa.

Hayaniyar ce ta fito da Inna. Ta matsa dab da talabijin, ta daɗe tana kallo, ta fara nunawa da yatsa.

"Ga Sale nan. Ga Rabi. Wannan dogon Kabiru ne." Ba ta kuskure ko ɗaya ba. "Me ya ɓaci a ciki? Ai ni haka nake ganinku, an fi shekara uku. A wanko mini shi babba."

Dariya ta ɗauke. Duk yawanmu babu wanda ya san idonta ya kai haka, don ba ta taɓa faɗa ba. Kunya da tausayi suka haɗe mini.

Washegari na kai wa Baba Danladi gilashin. Ya juya zoben a hannu, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce in zobe ya yi kauri, gilashi ya yi nisa da cikin kyamara, daga nan na kusa kawai zai gani. Ya tambaya ko mai ƙira ne bai iya karatu ba. Na ce e (Allah ya yafe mini, Malam Isiyaku).

Bayan wata biyu aka kai Inna asibitin ido aka cire mata yana. Ranar da aka buɗe idon ta dawo gida, ta tsaya gaban hoton da ke rataye a bangon ɗakinta, ta kalle shi sama da ƙasa.

"Wace ce ta ɗauki wannan shirmen? Kuma wannan mai cin shinkafar jikan wa ne?"

Na durƙusa na ce Inna ni ce, an rage zoben yanzu, in ta yarda a sake. Ta ce ai ta gaya mana sau ɗaya za ta zauna.

Tun daga ranar, in dattijo ya rubuta mini awo ba na ƙara masa wayona, kuma ko hoton kaza zan ɗauka, sai na roƙi wani ya tsaya a bayana da waya.